Makullin A-kori-kurar Mati

Ku gyara zama, ku aje wayoyin nan, ga wata magana da nake so ku warware. Ba ta aljanu ba ce, ta mota ce. In na kai ƙarshe kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A garin Kwanar Gawasa an yi wani direba mai suna Mati. Ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta da yawa. Babban abin da ya mallaka wata farar a-kori-kura ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake loda wa buhuna, mutane kuma su hau bisa. Da ita ya ciyar da gidansa, da ita aka kai rabin matan garin asibiti haihuwa. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai 'ya'yansa uku suka ce a raba gida da gona yadda shari'a ta ce, amma motar sun bar wa uwarsu, Tabawa, ta zama tata ita kaɗai. Tabawa kuwa ko keke ba ta iya ba. Ta sa aka tura motar gindin darbejiya a ƙofar gida, ta ƙulle makullin a bakin zanenta. Motar tana nan har tayoyi suka sace, kaji suka mai da bayanta wurin kwana.

Babban ɗanta Barau bakanike ne, yana da gareji a bakin titi. In babbar mota ta lalace a daji, a kan babur yake ɗaura kayan aiki ya je, wani lokaci sai ya yi sawu uku. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, da kin ba ni motar nan da na huta." Ta ce, "Allah ya kai mu."

Mai bi masa mace ce, Hansai, mai fataucin hatsi da kanwa a kasuwannin ƙauye. Rabin rayuwarta a bakin hanya ta yi shi, zaune kan buhu, tana jiran motar wani. Ita ma ta zo da 'yar tsarabarta ta ce, "Inna, motar Baba tana ruɓewa, ni kuma ina tsufa a tasha." Tabawa ta ce, "Allah ya kai mu."

Auta shi ne Ilu. Direba ne kamar ubansa, amma motar wani mai gidan kaji yake ja, yana kai ƙwai birni. Saboda sanyin tuƙinsa 'yan tasha suke kiransa direban ƙwai, suna cewa jaki ma yana wuce shi ya waiwayo. Shi bai ma iya buɗe baki ya roƙa ba. In ya zo gaisuwa sai ya tsaya ya share ƙurar gilashin motar da gefen rigarsa, ya shiga gida. Tabawa tana gani, ta kuma gane.

Ta san in ta ba ɗaya, biyu za su tafi da abu a zuci. Sai ta yi ta jan lokaci.

To, a bayan garin akwai wani tsohon filin jirgi da aka yi tun zamanin da ake feshin tsuntsaye masu cinye gero. Jirgi ya daina sauka, amma kwaltar tana nan miƙe sambal. In kaka ta yi, kowace Juma'a bayan la'asar direbobi sukan taru a can su yi tsere. Motoci biyu za su jeru a gindin wata kuka. Wani dattijo, Baba Na-Allah, zai tsaya tsakaninsu ya ɗaga hularsa ya sake ta. Sai hular ta taɓa ƙasa ake tashi, wanda ya riga hula ya faɗi. Daga nan sai gudu zuwa wani tsohon tankin ruwa, inda wani yake tsaye da waya yana duba lokaci. Tafiyar ba ta da nisa, kafin ka gama shan kofin ruwa an gama.

Tabawa ta daɗe tana jin rugugin daga tsakar gida. Wata Juma'a ta yafa mayafi ta ce bari ta je ta ga abin da ke hana awakinta kiwo. Ta tsaya ta kalli tsere biyu, sannan ta matsa kusa da mai hula.

"Na-Allah, wai ina za su ne?"

"Can wurin tankin, Tabawa."

"Me ke wurin tankin?"

"Ba komai."

"To in sun je fa?"

"Sai su juyo su dawo."

Ta riƙe baki ta ce, "Maza dai! A ƙona mai a je inda ba kowa." Amma ba ta tafi ba. Abin ya kama ta. Me ya sa wannan take tashi kamar an tsikare ta, waccan kuma sai ta tsaya tana kururuwa? Me ya sa ƙarama take wuce babba? Carbinta yana hannu, sai ta lura tana iya auna su da shi: daga faɗuwar hula ta fara jan tasbihi, in mota ta kai tanki ta tsaya ta duba inda yatsanta yake. Wadda ta fi kowa sauri a ranar wata shuɗiyar a-kori-kura ce, ƙwaya ashirin ta ci.

Mai shuɗiyar sunansa Sallau, kuma a hannun Mati ya koyi mota. Da ya hango Tabawa ya zo ya russuna ya gaishe ta, amma nasara ta hau masa kai. A gaban jama'a ya ce, "Inna, gawar nan ta ƙofar gidanki, ki sayar mini mana. Masu narka ƙarfe suna nema. A yi tukwane da ita, ko ba komai motar maigida ta dafa tuwo."

Aka bushe da dariya. Tabawa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Sallau, a bayan motar nan ka koyi share majina. Kafin a rufe tseren bana za ka ga bayanta, in Allah ya so."

Ta koma gida, ta aika aka kira 'ya'yan. Ta kwance makullin ta aje a kan tabarma ta ce, "Dukanku kuna son motar nan, na sani, har kai da ba ka faɗa ba. Duk wanda ya sa ta wuce ta Sallau a filin can, ta zama tasa halak malak. Na faɗa, ba na janyewa." A ranta tana ganin ta sami mafita: ɗaya zai yi, biyu su gani da idonsu su haƙura.

Barau ne ya fara, don ba mai iya komai sai mota ta tashi. Ya ja ta zuwa gareji, ya sauke injin, ya wargaza shi ya jera a kan tabarma kamar kayan lefe. Tabawa ta ɗauko kujerarta ta zauna gefe, kowane ƙarfe sai ta tambayi sunansa da aikinsa. Ya ce mata, "Inna, inji kamar mutum yake. Yana shaƙar iska, yana cin mai, yana fitar da hayaƙi. Wannan ya tsufa, hancinsa ya toshe, ƙirjinsa yana yoyo." Ya wanke kafireta, wato inda mai da iska suke haɗuwa, ya sake fulogai, ya sa sababbin zobba a fistin. Ta ga yana murza wani sanda tsakanin tafukansa yana goge bakin bawul, wato ƙofar numfashin inji, ta ce, "Au, ashe ku ma kuna burga miya?" Ya yanke tsohuwar salansar hayaƙi ya sa bututu mai faɗi. Kayan da babu a garin ya sayar da babur ɗinsa ya sayo su. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa suna komawa, wasu ba su sake dawowa ba. Ran da ya murza makulli motar ta yi wani gurnani, sai da tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Tabawa ta ji muryar da ta yi shekaru tana jira a ƙofar gida, ta juya baya ta share ido.

Daga nan Barau ya ce saura nauyi. A ganinsa, duk abin da ba ya gudu kaya ne. Ya kwance ƙarafunan bodi, ya cire murfin baya, ya sauke tayar safaya, ya fitar da kujerar fasinja. Har ƙarfen da ke kulle murfin inji ya cire, ya ɗaure murfin da igiya. Motar ta koma kamar kazar da aka fige.

Aka kai ta fili gwaji. Barau ya taka totur, ya saki kuloci. Injin ya yi ƙara, tayoyin baya suka kama juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, gindin motar yana karkaɗawa hagu da dama. Tana nan tana ihu kamar an riƙe ta da igiya. Kafin ta kai tanki Tabawa ta ja talatin da uku ta shiga wani zagayen. Abokan Sallau suna daga gefe suna cewa, "Ta iya kuka dai, saura tafiya!" Barau ya fito ya buɗe inji ya rufe, ya sake buɗewa. Bai ga laifin komai ba, don babu laifi a can.

Hansai tana tsaye, amma ita ba injin take kallo ba, taya take kallo. Ta tuna wani hawa da ke hanyar kasuwar da take ci da damina. Motar da ba kaya takan tsaya nan tana zamewa, mai kaya kuwa ta haye. In abin ya ƙi, direba yakan ce fasinjoji su hau baya su taru bisa taya. Ta sha yin wannan da zanenta cike da laka.

Ta ce, "Yaya, ka ba ta ƙarfi amma ka hana ta ƙafa. Bayan nan fayau yake, me zai danne tayar?"

Barau ya ce, "Ke Hansai, ana neman sauƙi kina maganar lodi? Kasuwa za mu?"

Ta ce, "Da kasuwa za mu da yanzu mun isa. Kai har yanzu kana gindin kuka."

Kashegari ta zo da buhunan gero shida daga hajarta. Aka loda, tayar ta kama ƙasa, amma motar ta tafi tana nishi kamar mai tsohon ciki, sifirin ɗaya kuma, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya, ya tsage. Barau ya gyara yana mita. Hansai ba ta ji kunya ba, ta ce yawa ne ya yi yawa. Ta rage. Ta matsar da su gaba, jikin ɗakin direba, ba su yi amfani ba. Ta mai da su can ƙarshen baya, sai gaban ya yi sauƙi, sitiyari yana rawa a hannu. Tabawa tana biye da carbinta, kowane gwaji ta faɗa musu ko an ragu ko an ƙaru. A ƙarshe Hansai ta bar gero ta kawo buhu biyu na kanwa, don ita ƙarama ce ga nauyi. Ta kwantar da ɗaya bisa kowace taya, ta ɗan ja su baya kamar taƙi guda, ta ɗaure tamau da ƙullin 'yan fatauci wanda ba ya kwancewa. Sannan ta sa aka rage iskar tayoyin baya, yadda ta ga direbobi suna yi in za su ratsa yashi. Tana dannawa da babban yatsa kamar mai duba nunar kabewa, har ta ce ya isa, cikin tayar ya bazu a ƙasa.

Akwai kuma abin da ba namijin da ya taɓa tunawa da shi tun da aka fara tsere a filin. Gindin kukar nan cike yake da tsakuwa da yashi da kashin awaki. Hansai ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta ɗauko tsintsiya ta share inda tayoyinsu za su tsaya, har baƙin kwalta ya fito. Maza suna dariya suna cewa ta haɗa da wankin tanki. Ba ta ko ɗaga kai ba. A makonnin nan kasuwanni suka yi ta ci ba ta je ba, har matan da take kai wa kanwa suka koma wa wata.

Yanzu motar tana tashi kamar an harba ta. Amma da sauran rina, lokacinta ya tsaya a ƙwaya ashirin da biyar ya ƙi sauka. Tabawa ta zura ido ta gano dalili: Barau yana tausayin injin. Shi ya haɗa shi da hannunsa, in ya ji ya ɗaga murya sai ya ji kamar ɗansa ne ke kuka, ya yi maza ya sassauta ƙafa ya sauya giya tun lokaci bai yi ba. Ta faɗa masa, ya ce ya sani, ƙafar ce ba ta jin magana. Hansai kuwa ba ta taɓa zama bayan sitiyari ba.

Sai ga Ilu ya zo ran hutunsa. Da 'yan kallo suka ga direban ƙwai ya buɗe ƙofa, wani ya ce, "A kawo tabarma, yau a nan za mu kwana." Ilu ya tuɓe takalmansa ya aje a gindin kuka, ya shiga da ƙafa tsirara. Gwajin farko bai yi kyau ba. Sabon lallaɓa ƙwai ya sa ya riƙe kuloci ya daɗe, har wari ya tashi, ya ƙone shi ƙurmus. Barau ya yi faɗa kamar zai dake shi, ya ce, "Ƙwai ka ɗauka a ciki? Kanwa ce, ba ta fashewa!" Amma ya kwana biyu ƙarƙashin mota ya sa wani.

Ilu ya dawo ya yi ta gwadawa, ba hayaniya. Tabawa ta leƙa ta taga ta ga yatsun ƙafarsa suna motsi a hankali, ta ce, "Wai me kake lalube da ƙafar nan?"

Ya ce, "Inna, in na saki da sauri taya ta zame, in na saki a hankali kuloci ya ƙone. Akwai wani ɗan wuri a tsakani, shi nake nema."

Ta ce, "Kamar sakin guga a rijiya ke nan."

Ya ce, "Kamar haka, sai dai wannan rijiyar ba ta ba ka sake jefawa."

Shekarun da ya yi yana ratsa ramuka da ƙwai a baya sun sa tafin ƙafarsa yana ji kamar tafin hannu, ya kuwa samo wurin. Giya kuma da kunne yake sauya ta, yadda ubansa ya koya masa: ya bar injin ya yi kuka har muryar ta kai inda ba ta ƙara hawa, sannan ya jefa ta gaba. Barau yakan toshe kunne ya juya baya. Ilu ya kuma zauna Juma'a guda yana kallon Baba Na-Allah kawai. Ya lura direbobi suna bin hular da ido daga sama zuwa ƙasa, sai sun tabbata ta sauka suke motsi. Shi sai ya daina kallon hular, ya koma kallon inuwarta a kan kwalta. Da rana ta karkata, inuwar takan taho da gudu ta tarye hular, inda suka haɗu nan ne ƙasa. Da wannan yake tashi daidai, bai riga ba, bai makara ba.

Labari ya kai kunnen mai gidan kaji. Ya kira Ilu ya ce ba ya ba ɗan tsere amanar ƙwansa, ya zaɓa. Ilu ya miƙa masa makullinsa, ya yi godiya ya fito.

Juma'ar ƙarshe garin ya tashi kaf ya koma filin jirgi, har masu ƙosai da rake. Shuɗiya da fara suka jeru. Ta Sallau tana sheƙi, ta Mati kuwa ba bodi, ba murfin baya, ga buhu biyu ɗaure kamar za ta ƙauye. Barau ya kara kunne jikin inji ya saurara, ya ce lafiya. Hansai ta share gabanta, ta danna tayoyi, ta ja igiyar buhu. Sallau ya leƙo ya ce, "Hajiya, a share nawa mana." Ta ce, "Matarka ba ta da tsintsiya?" Ilu ya tuɓe takalmi. Tabawa ta tafi can kusa da tanki ta tsaya, carbi a hannu, amma yau ta kasa ja.

Baba Na-Allah ya ɗaga hula ya saki. Fara ta yi tsalle ta fita, ba zamewa, ba hayaƙi, ta ba shuɗiya tazarar jiki guda tun Sallau bai gama sakin ƙafa ba. Amma motar Sallau ba tsohuwa ba ce. A tsakiyar fili ta fara cin tazarar, ta kamo gindin fara, ta kamo ƙofa. A nan ne aikin Barau ya yi magana: Ilu ya jefa giya ta uku, tsohon injin ya buɗe murya ya ƙi yarda a wuce shi. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa.

Saura kaɗan a kai tanki, igiyar da ke riƙe murfin inji ta tsinke. Murfin ya tashi ya rufe gilashi ruf. Mata suka sa salati. Tabawa ta ga motar mijinta ta nufo ta a makance da autanta a ciki, ta ɗora hannu a ka. Da wani direban ne, da birki zai taka, ko ya fizge sitiyari ya yi cikin mutane. Ilu bai ɗaga ƙafa ba, bai kuma motsa hannu ba. Ya leƙo da kai ta taga, ya kafa ido a bakin kwalta inda ta haɗu da ciyawa, ya bi layin nan kamar zare. Buhunan Hansai suka riƙe bayan bai karkace ba. Fara ta wuce tanki da tsawon hancinta, shuɗiya tana biye.

Sai da ya yi nisa ya tsaya a hankali, kamar mai ƙwai a baya. Filin ya kaure da ihu. Tabawa ta isa wurinsa, ta shafa kansa da fuskarsa ta tabbata ba abin da ya same shi, sannan ta kai masa duka a kafaɗa ta ce, "Ɗan banza, ba ka da birki ne?" Sallau ya zo ya durƙusa har ƙasa ya nemi gafara, ta ce ya tashi, ya wuce.

Da safe su ukun suka zo gaisuwa, suka zauna a kan tabarma ɗaya, ba mai kallon wani. Tabawa ta kwance makullin ta riƙe. Ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, kada a bar shi a ciki ya ruɓe.

Barau ya ce, "Inna, gawa na tarar. Ba don ni ba, da kaji suna ciki har yau. Buhu ba ya tada mota, ƙafa ma ba ta tada ta."

Hansai ta ce, "Ka tashe ta, gaskiya ne, amma a gindin kuka ta tsaya tana ihu, kowa ya gani. Ni na sa ta taka ƙasa."

Ilu ya ce, "Da injin da buhun duk suna nan lokacin da Yaya yake ja, ba ta kai ba. Kuma da murfin ya tashi, ni kaɗai ne a ciki."

Tabawa ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kowa gaskiya ya faɗa. Kowa kuma ya yi kuskurensa: Barau ya fige motar har ya kusa jawo asarar rai, Hansai ta tsaga sifirin, Ilu ya ƙona kuloci, kuma ɗan'uwa ne ya rufa wa ɗan'uwa. Ga shi kowa ya fito da rauni: babba ba babur, masu gyara sun gudu, ta tsakiya ta rasa masu sayen kanwarta, auta ba aiki. Dā suna son motar ne kawai, yanzu kowannensu yana bukatarta. Ta nemi mafita, ta ɗaure kanta da bakinta a gaban 'ya'yanta.

Kada wani ya ce mini a bar musu su uku su riƙa karɓa-karɓa. Tabawa ta yi wannan tunanin kafin ku. Ran da babbar mota ta mutu a daji ana neman Barau, ran nan kasuwar Hansai take ci, ran nan Ilu yake da lodi zuwa birni. Ta ga gidajen da abin tarayya ya raba 'yan ɗaki ɗaya har ba sa gaisawa a jana'iza. Kada kuma a ce a sayar a raba, wannan ko a mafarki ba za ta yi ba. Ta yi alkawari ga mutum ɗaya, makulli ɗaya ne, su uku suna zaune suna jiran hannunta ya miƙe.

To, ku da kuka ji daga farko har ƙarshe: wanda ya ba ta numfashi, ko wadda ta ba ta ƙafa, ko wanda ya kai ta tanki ido rufe? A tafin wa Tabawa za ta sa makullin nan?